Abin da Ya Rage a Ƙoƙon

Litinin, 6 ga Agusta, 1866

Ni ne Lionel Fairclough, mai digirin Jami'ar Oxford a ilimin tauhidi da tsofaffin harsuna, na uku a ajinmu, wanda aka naɗa firist na Cocin Ingila makonni goma da suka wuce. Na buɗe wannan kundi bisa manufa guda. Bishop ya aiko ni nan Harnmouth na mako biyu, in binciki gidan wasu mata goma sha huɗu da suka sa baƙin mayafi suna kiran kansu 'Yan'uwan Betanya, in tabbatar masa da hujja ko 'yan cocinmu ne na haƙiƙa, ko kuwa 'yan Roma ne, wato Katolika, suka yi mana shigar burtu. Shekaru ashirin da biyar da suka wuce babu irin wannan gida ko ɗaya a cocinmu. Yau sun bazu kamar wutar daji. Ina da yaƙinin an zaɓi wanda ya dace.

Ba wanda ya gaya mini kwalara ta shigo garin. Akwatin gawa tara na gani tsakanin tashar jirgin ƙasa da masaukina.

Talata, 7 ga Agusta

Na gana da shugabarsu, Miss Conyers, wadda suke kira Uwa Philippa. Ni ba zan kira ta haka ba, laƙabin na Roma ne. Doguwa ce, 'yar babban gida, hannuwanta duk sun tsattsage saboda ruwan wanki. Na karanta mata takardar Bishop da murya mai nauyi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Bincika ko'ina, Mista Fairclough, har ƙarƙashin gadaje in hancinka zai jure. Sai dai firist ɗinmu, tsoho Mista Wray, ranar Juma'a muka binne shi. Tun ranar kai ne firist na farko daga cocinmu da ya tako unguwar nan."

Sun mayar da wani tsohon sito na bakin teku asibiti. Gado sittin. Rabi nasu, rabi na sistocin Katolika 'yan Ireland da ke tsallaken titi, ko labule babu a tsakani. Wannan kaɗai ya cancanci shafi guda a rahotona.

Warin ɗakin. Ba ni da kalmarsa, ko a Girkanci.

Laraba, 8 ga Agusta

Akwai wata tsohuwa a cikinsu, Sista Dorcas, wadda ta shekara talatin tana feɗe kifi a bakin teku kafin ta sa mayafi. Da ƙyar take haɗa baƙi. Ta dubi takalmana masu ƙyalli ta ce, "Ɗan nan, kai ne aka aiko ka kamo Paparoma? Ɗauki bokitin can ka zubar, wataƙila yana ciki." Marasa lafiya biyu suka yi dariya. Ban ɗauka ba. Ba domin haka aka koya mini Ibrananci ba.

Da rana na yi muhawara da babbar sistocin Katolika, Sista Columba, gajeruwa mai jan fuska. Na bayyana mata, cikin tsari da mantiƙi, babban bambancin da ke tsakaninmu: a Jibin Ubangiji su gurasa kaɗai suke ba jama'a, fada, wato firist ɗinsu, shi kaɗai ke shan ƙoƙon, mu kuwa ba ma hana kowa, basarake da ɗan dako daga ƙoƙo ɗaya suke sha. A kan wannan batu na rubuta muƙalar da ta ci lambar yabo. Na kawo mata nassi bakwai. Tana naɗe zanen gado ta ce, "Madalla, yallaɓai. Allah ya ba ka ƙoshin lafiyar sha." Na ɗauka ta sallama ne.

Alhamis, 9 ga Agusta

Likita Hepworth ya ce a ra'ayinsa cutar ba a iska take ba, ta baki take shiga. A tafasa ruwa, a wanke hannu, kada mutum biyu su sha a moɗa ɗaya. Ya ce ya ga ƙato ya karya kumallo lafiya, kafin faɗuwar rana fatarsa ta koma shuɗiya, ya yamutse kamar tsumma.

Na koma masauki na buɗe Littafin Addu'a, ko da yake na haddace shi. Dokar a fili take. Firist ya sha, waɗanda ke taya majinyaci su sha, majinyaci ya sha a ƙarshe. Abin da ya rage a ƙoƙon bayan an tsarkake shi ba a zubarwa, ba a ajiyewa. Firist ne zai shanye shi nan take, shi da wanda ya kira daga cikin masu tarayya.

Sau huɗu na karanta. Ba ta canza ba.

Yanzu na gane addu'ar da Sista Columba ta yi mini.

Juma'a, 10 ga Agusta

Wani ɗan dako mai suna Jabez ya roƙi a ba shi Jibin Ubangiji. Miss Conyers ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan akwati, ita da Sista Dorcas suka durƙusa, domin doka ta ce sai da mutum biyu aƙalla tare da majinyaci. Na sha. Suka sha. Na juyo wajen Jabez da ƙoƙon, na ga leɓɓansa, busassu, baƙaƙe, da wani farin abu a gefe. Na ce maƙogwaronsa ba zai iya haɗiya ba, gurasar da ya ci ta wadatar. Na shanye sauran da sauri.

Zai iya haɗiya. Idonsa na kan ƙoƙon.

A bakin ƙofa Sista Dorcas ta ce, "Barka, ɗan nan. Ka zo neman ɗan Roma, ka same shi a cikin rigarka." Miss Conyers ta ce, "Dorcas."

Akwai malaman da suka halatta haka a halin larura. Zan nemo su.

Asabar, 11 ga Agusta

Jabez ya rasu da hantsi. Ban samo malaman ba.

Litinin, 13 ga Agusta

Wajibi ne a rubuta.

Misis Scaife, mai sayar da kifi, uwar 'ya'ya biyar, tsohuwar ƙawar Sista Dorcas. Ta nemi Jibin. Na yi dabara na zuba ruwan inabi kaɗan ƙwarai, yadda in ya zo kanta za ta ƙarasa shi, ba abin da zai rage. Lissafi mai kyau, na yaba wa kaina. Na kai ƙoƙon bakinta, ta kurɓa, sai aman ya taso mata. Ta kau da kai, amma na ga rabin abin da ta kurɓa ya koma ciki.

Na tsaya riƙe da shi. Kamar cokali biyu ne ya rage. Na san Sista Columba tana kallo daga ɓangarensu. Na umarci hannuna ya ɗaga, ya ƙi. Na rantse na umarce shi.

Sai na ji Sista Dorcas a ƙasa-ƙasa: "Kira ni. Doka ta ce wanda ka kira. Ba zan karɓa da kaina ba, kira ni."

Na ce, "Sista Dorcas."

Ta shanye, ta goge bakinta da bayan hannu. Daga baya ta ce mini, "Kada ka sa a ranka. Ni da Scaife mun sha shayi a gwangwani ɗaya tun ba a haifi ubanka ba."

Bisa doka ban yi kuskure ba. Ina so wannan ya kasance a rubuce.

Talata, 14 ga Agusta

Misis Scaife ta rasu. Sista Dorcas lafiya lau, tana zagin mai kawo gawayi.

Laraba, 15 ga Agusta

Lafiya lau. Na laɓe ina kallonta tana cin burodi da man shanu. Ta ce, "In aurena kake so ka makara, an riga ka." Na zubar da bokiti uku yau, ba wanda ya sa ni. Na wanke hannu har fata ta yi ja.

Rahoton Bishop yana shafi na biyu tun Alhamis. Na ga kyandir biyu a ɗakin addu'arsu da wani gicciye mai siffar mutum a jiki, duk al'adun Roma. Da na zo da niyyar wannan ya zama babi guda.

Alhamis, 16 ga Agusta

Sista Dorcas ta faɗi a wajen wanki da safe.

Likita Hepworth ya ce ba mai iya cewa daga ina ta ɗauka, wata guda ke nan hannunta cikin zannuwan marasa lafiya. Na tambaye shi kwana nawa cutar ke ɗauka kafin ta bayyana. Ya ce biyu, uku. Ya dube ni.

Uku.

Juma'a, 17 ga Agusta

Da safe na tarar da biyu daga cikin ƙananan sistocinmu suna kuka a bayan sito. Ɗaya ta ce, ba ta san ina ji ba, gara a kira wa Sista Dorcas fadan Katolika, shi aƙalla ba ya gudun gado. Sista Columba ta ce musu fadansu ba zai iya ba ta komai ba sai ta bar cocinta ta shiga nasu, kuma ita ba za ta je wa mace a wannan hali da irin wannan ciniki ba. Da ta juyo ta gan ni sai ta ce, "Yallaɓai, nassi bakwai ka kawo mini ranar nan. Ɗaya ma ya isa, in da mai ɗaukarsa."

Uwa Philippa ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da na sami abin musu. Cewa kawai ta yi, "Dorcas tana tambayarka."

Ta ƙanƙance. Idanun sun faɗa ciki, muryar kamar ana kankare tukunya. Ta ce, "Ɗan nan, an ce in koma wa 'yan Ireland. A cocin nan aka yi mini baftisma, a nan zan mutu, ko da firist ɗin guntu ne." Na ce mata ni na jawo mata wannan. Ta ce, "Kai? Ji girman kai. Ko mura ba ka isa ka sa mini ba." Can kuma ta ce, "Gurasar ta ishe ni. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Da ma ba ta faɗi haka ba.

Na zuba ruwan inabin yadda aka saba zubawa, ban rage ba. Na karanta addu'ar, na yi tuntuɓe sau biyu a kalmomin da na sani tun ina shekara bakwai. Na sha, Uwa Philippa ta sha, ƙaramar sistar nan mai kuka ta sha. Na tallafo kan Sista Dorcas, ba nauyi. Ta kurɓa kaɗan, haƙoranta na bugun bakin ƙoƙon.

Sauran ya fi na ranar Litinin yawa. Uwa Philippa ta ɗago kai, na san tana jira in kira sunanta. Ban kira ba.

Ba jarumta ba ce. Na rufe ido kamar yaron da ake ɗura wa magani, na shanye shi duka. Ɗanɗanonsa ruwan inabi ne kawai. Wannan ya fi komai firgita ni.

Ta rasu kafin shayin yamma. Sistocin Katolika suka tsaya a ƙarshen ɓangarensu suna jan carbinsu, namu suna karanta Zabura. Ba wanda ya hana wani.

Asabar, 18 ga Agusta

Kwana ɗaya. Kowane motsin cikina sai na tsaya na saurara. Na duba faratana a taga sau ashirin ko sun fara shuɗi. Na fara wasiƙa zuwa ga mahaifiyata, na yaga. Mun binne Sista Dorcas. Matan kasuwar kifi sun cika maƙabarta, wari da kuka.

Lahadi, 19 ga Agusta

Kwana biyu. Gudawa sau ɗaya da safe. Na zauna a bakin gado ina karanta Zabura ta ashirin da uku da ƙarfi kamar mahaukaci. Likita ya ce tsoro ma yana sakin ciki. Ya ce in kwanta.

Mutum huɗu suka nemi Jibin. In zan mutu, na riga na sha abin da zai kashe ni, saboda haka a mantiƙance ƙari ba ya ƙara komai. Na ba su duka huɗun. Na uku ya yi tari a ciki. Ya Ubangiji.

Litinin, 20 ga Agusta

Kwana uku. Ina raye. Amma lissafin ya koma farko tun jiya, kuma zai sake komawa gobe. Ban yi tunanin wannan ba.

Talata, 21 ga Agusta

Wasiƙa daga sakataren Bishop. Wa'adina ya cika, in komo da rahoto a jirgin gobe, an tanadar mini gurbi a wani coci na karkara mai lambun tuffa. Na karanta wajen lambun sau da yawa. Na haɗa akwatina. Na je sito domin sallama, sai wata yarinya ta kama gefen rigata ta ce babanta ne a gado na goma sha ɗaya. Bayan na gama da shi jirgin bai fita raina ba, har yanzu bai fita ba.

Ba tausayi ba ne, kuma ba wai na sauya ra'ayi game da kyandir ba. Batu ne na tsari zalla: gado talatin na cocinmu ba firist, wannan ya saɓa wa doka. Ga kwafin abin da na aika:

"Yallaɓai, rahoton da aka nema bai kammala ba, kuma ba zan iya cewa ga ranar kammala shi ba. Abin da na tabbatar zuwa yanzu shi ne, matan gidan Betanya goma sha uku ne, ba goma sha huɗu ba. Ba zan bar Harnmouth ba sai wani firist ya karɓi ƙoƙon daga hannuna a cikin ɗakin majinyata, ba a tashar jirgi ba. Ina buƙatar amsa a rubuce, ɗauke da cikakken sunan wanda za a aiko da ranar isowarsa, kafin azahar ɗin Juma'a, 24 ga Agusta. In ba a sami mai zuwa ba, a rubuta mini hakan ma, da sa hannu, domin in san iyakar kwanakin da zan ci gaba da ƙirgawa."