Farin layi a ledar wake

Alhamis da dare, a garin Ƙofa.

Yau na kwance buhun waken da na ajiye don iri, na tarar ƙwari sun mai da rabinsa gari. Ledar ciki ce ta tsage, daidai inda wani farin layi ya ratsa ta, iska ta shiga.

Ƙanena Sani, mai koyar da kimiyya a Kankia, ya zo gaida Inna, na nuna mashi. Ya ɗaga ledar a rana ya ce, "Yaya, leda zaruruwa ne dogaye a nannaɗe, ido bai ganinsu. In ana yawan ninke ta wuri ɗaya, sai su warware, su miƙe, har su tsinke. Farin nan shi ne alamar."

Shekara uku ke nan, in na juye wake sai in ninke ledar tsaf a kan layinta na bara, in ɗora dutsen niƙa don ta kwanta.

Maƙwabciyata Hajara kuwa cusa tata take yi cikin tsohuwar randa a cukuikuye, har ina ce mata ƙazama. Ɗazu na leƙa, wakenta lafiya lau.

Gobe wurinta zan je roƙon iri.