Ƙwayar da aka ƙi yi wa Tsahara bayaninta

Zuwa ga Mai girma Babban Likita, mai kula da gidajen likitan yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Lawali, ina awon hatsi a kasuwar Dakoro. Na taɓa lakwal, wato makarantar boko, kaɗan kafin Nasara su tafi, shi ya sa nake iya riƙe alƙalami. Na rubuto maka a fili ne domin kowa ya karanta, saboda ɓoye-ɓoye ne ya ci ran ƙanwata, ni kuwa na gaji da shi.

Na ɗaya. Ƙanwata Tsahara tana aure a Sabon Maci. Mijinta Idi fatauci yake yi, yana kai wake Najeriya. Haihuwarta ta ƙarshe, a farkon damina, ta zubar da jini har muka fid da rai. Da ta farfaɗo, ungozoma ta gaya mata cewa in ta sake ɗaukar ciki nan kusa, ba za ta tashi ba. Idi mutum ne mai son matarsa. A tafiyarsa ta gaba ya sayo mata ƙwayar hutun haihuwa, wadda ma'aikatanku ke kira pilil, a hannun wani mai tebur can ƙetaren iyaka. Abin da mai teburin ya faɗa masa ke nan: ɗaya kullum. Takardar da ke cikin kwalin da Ingilishi take. Ni ɗan Faransancin da na sani bai kai ni ko'ina ba a kanta.

Na biyu, kuma nan ne ƙorafina yake. Tsahara ba ta sha da ka ba. Tana cikin jego, sati biyu da haihuwa, aka ɗora ta a amalanke da jaririnta, na raka ta wani gidan likita da ke ƙarƙashin kulawarka. Ba zan ambaci sunansa ba, ba na neman a kori kowa. Ta kwance bakin zanenta ta miƙa wa babban ma'aikacin kwalin, tana sunkuyar da kai don kunya. Ya duba, ya waiga ƙofa, ya mayar mata da shi da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ya ce mata: “Ɓoye abinki, baiwar Allah. Doka ta hana mu maganar wanga magani. Ni ban gani ba, ke ma ba ki nuna mani ba.” Abin awon tansiyo, wato hawan jini, yana rataye a bango, bai sauko da shi ba. Bai tambaye ta yaushe ta haihu ba, alhali jaririn yana bayanta. Da muka fito ta ce mani: “Yaya, da abin mai kisa ne, ai da ya hana ni.” Ni ma haka na ɗauka. A daren ranar ta fara sha.

Na uku. Kafin ta yi arba'in, ƙafarta ta hagu ta kumbura daga ƙauri zuwa gwiwa, da zafi da ciwo. Ka san al'adarmu, ranka ya daɗe. Mai jego in ƙafarta ta kumbura, sanyi ne ya shige ta, maganinsa kuwa gashi. Tsofaffin gidan suka ƙara wa ruwan wanka wuta, suka riƙa gasa ƙafar da ganye suna matsa ta safe da yamma, tana kuka suna ba ta haƙuri. Ba na zarginsu. Abin da suka gada suka yi, kuma da ƙauna suka yi shi. Wata safiya ana cikin matsar, ta dafe ƙirji ta ce numfashinta ba ya kaiwa. Ta yi tari, jini ya fito. Ba a gama ɗaura wa amalanke shanu ba ta cika. Idi yana hanya, sai kabarinta ya tarar.

Na huɗu. Bayan sadakar arba'in ɗinta na ɗauki ragowar kwalin na bi motar wake, na ƙetara iyaka, na sami wata ma'aikaciyar jinya mai jin Ingilishi. Ta karanta mani takardar tsaye, ko zama ba mu yi ba. Ashe duk abin a rubuce yake. Mai jego ba ta shan irin wannan ƙwaya, domin jininta a lokacin yana saurin daskarewa, ƙwayar kuma tana ƙara masa. Mai shayar da ƙaramin jariri ma jinkirtawa take yi. Ba a ba mai hawan jini. Ba a ba mai ciwon kan da ke zuwa da walƙiya a ido. Macen da ƙwayar ta dace da ita tana sha kullum a lokaci guda, ko miji yana gari ko ba ya nan, har sati uku, ta huta sati ɗaya. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ƙirji ya riƙe, a daina sha a ruga gidan likita, kuma kada a matsa ƙafar, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Matar ta ce maganin yana da amfani, mata da yawa sun huta da shi lafiya, in dai an duba su tukuna.

Da ta kai wurin matsar ƙafa, sai na zauna a ƙasa. Maganar da za ta ceci Tsahara ba ta kai tsawon gaisuwar safe ba. Ma'aikacinka ya san ta, ko kuwa ya kamata ya sani. Ina jin haushinsa, ba zan ɓoye maka ba, amma na fi jin haushin dokar da ta ɗaure masa baki. An ce mani tun zamanin Nasara take. Mun sami mulkin kai, mun sauya tuta, ita tana nan inda suka bar ta.

Na biyar. Dokar ba ta hana ƙwayar shigowa ba. Tana zuwa a ƙarƙashin buhunan da ke dawowa daga kudu. Matan garin nan suna ba juna aronta kamar gishiri. Na ji wadda ke sha ranar da mijinta ya dawo fatauci kaɗai, na ji wadda ke haɗiyar biyu in ta tsorata. Bayani kawai dokar ta iya tsarewa a iyaka.

Saboda haka ina roƙonka. Ka ba ma'aikatanka izini a rubuce cewa duk macen da ta zo da kwalin nan a hannu, a zaunar da ita, a auna jininta, a tambaye ta yaushe ta haihu, a gaya mata gaskiya da Hausa. A tara ungozomomi a sanar da su cewa ƙafa ɗaya mai kumburi ta likita ce, kada a gasa. In kuma gyaran dokar ya fi ƙarfinka, ka kai maganar gaba, ka ce wani mai awon gero ne ya aiko ka.

Dalilin gaggawata shi ne matata Rabi. Cikinta ya tsufa, kafin a gama sussuka za ta sauka. Ita ma an ja mata kunne a haihuwar bara waccan cewa in ta ƙara ɗaya dole ta huta, kuma tana fama da ciwon kai. Abin da na jiyo na gaya mata, amma ni ba likita ba ne, ban san awon jininta ba. Ta ce mani: “In na yi arba'in ni da kaina za ni tahi in tambaya, mi za su yi mani?” Gidan likitan da Tsahara ta je, nan za ta je, domin ba mu da wani. Ɗan Tsahara yana hannun Rabi, da nonon akuya take rainonsa. In aka sake ce wa Rabi ta ɓoye abinta, ban san hannun wa zan miƙa yaron nan ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin daidai, ya tsare matan gidanka daga ranar da za su yi tambaya a juya masu baya.

Wassalam.

Lawali mai awo,
yayan marigayiya Tsahara,
Dakoro.