Ƙurajen Fuskar Jikarki

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da ladabin da ya kamaci 'ya ga uwarta, na rubuto ne in ba ki labarin gida. Na san ba za ki karanta ba. Amma ke kika saba cewa wanda ya rasa mai sauraronsa ya gaya wa takarda, shi ya sa na ɗauki biro.

Na haihu, Mama. Mace ce. Ta zo mako biyar bayan tafiyarki, ranar Laraba da hantsi, kuma ba a yi mini aiki ba. Mun sa mata sunanki, sai dai mijina Iliya Mami yake kiranta, don bakinsa ya kasa kiran sunan surukarsa gatsau.

Ba a bar ni na je jana'izarki ba. Likita ya ce cikin wata takwas ba ya hawa hanyar ƙauye. Aka ɗauke ki daga Kakuri, ni ina zaune a ɗakinmu na Barnawa ina duba hotunan da ake turo mini a waya. Ban yi kuka ba. Ranar haihuwa ma da aka ɗora mini ita a ƙirji, na ji nauyinta, na ji ɗuminta, shi ke nan abin da na ji. Ina ci, ina wanka, ina amsa barka.

Maman Iliya ce ta zo daga Sabon Tasha ta karɓi aikin da ya kamata ki yi. Tsakani da Allah tana ƙoƙari. Ita ke dafa ruwan zafi, ita ke dama kunu, ita ke yi wa yarinyar wanka.

Mami na da kwana goma sha tara muka tashi muka ga ƙuraje a kumatunta. Ƙanana ne, jajaye, wasu da farin kai kamar ƙwayar acca. Kafin kwana uku sun hau goshi sun sauko haɓa. Maƙwabciyarmu ta ce zafi ne, a barbaɗa hoda. Matan zumunta na cocinmu da suka zo gaisuwa, wata ta ce man kaɗanya, wata ta ce akwai wani man shafawa a kemis da ke share su cikin kwana biyu. Muka yi hodar, muka yi man kaɗanyan. Sai ƙaruwa suka yi.

Wata yamma Maman Iliya tana ninke kayan yarinyar ta ce a wajensu akan ce mai jego in ta haɗiye baƙin ciki, nono ne ke kwasa ya kai wa ɗa. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ina jin so take in yi kuka in huta.

Ni kuwa na ɗauki maganar yadda take. Ban yi gardama ba, ban tambayi kowa ba. Na daina ba ta nono. Na ce wa Iliya ruwan ne ya ɗauke, ya sayo madarar gwangwani, alhali ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, ina cusa tsumma a riga don kar a gani. Yarinyar ta ƙi bakin kwalba. Ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, in ta yi kukan kuma ƙurajen sai su ƙara ja. Ina zaune a bakin gado ina kallonta kamar 'yar wata ce aka ba ni ajiya. Kwana biyu haka, Mama. Wannan ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa.

A rana ta uku da safe Iliya ya tare keke ya kai mu asibitin da ake yi mata rigakafi. Muka samu wata nas dattijuwa, mai furfura da tabarau, sa'arki ce ko ta ɗan girme ki. Ta auna zafin jikin Mami, ta kai ta bakin taga ta duba fuskar da kyau. Ta ce ƙurajen jarirai ne, ba ta kwana biyu ba ta ga irinsu ba. Ta yi mana bayani cewa tun yaro na ciki sinadaran jikin uwa ke ratsawa su shiga nasa, bayan haihuwa sai su sa fatarsa ta riƙa fitar da maiƙo fiye da kima, ƙofofin fatar su toshe. Ta ce ba ƙazanta ba ce, ba sa yi mata ciwo, kuma ba ruwansu da nono.

Maganinsu, in ji ta, a ƙyale su. A wanke fuskar da ruwa mai ɗumi sau ɗaya a rana, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba. Ban da mai, ban da hoda, ban da matsawa, ban da man kemis na manya, don fatar jariri ba ta ɗaukarsa. Cikin 'yan makonni za su tafi da kansu. Amma in jikinta ya yi zafi, ko suka ɗuri ruwa ko mugunya, ko ta ƙi tsotso, kar mu kwana a gida.

Daga nan ta tambaye ni yaushe rabon yarinyar da nono. Na gaya mata gaskiya a gaban Iliya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ja labule, ta ba ni kujera, ta tsaya har Mami ta kama. Na ji zafin har cikin haƙorana. Sai ta tambaye ni ina mahaifiyata. Na ce kin rasu. Ranar ce ta farko da kalmar ta fita daga bakina.

Ta ce in dawo ranar Alhamis ni kaɗai in ga likita, domin irin wannan rashin jin komai a zuciya bayan haihuwa shi ma ciwo ne, kuma ana maganinsa. Na je, kuma har yanzu ina zuwa. Maman Iliya da ta ji yadda aka yi, ta ɗauke man kaɗanyan daga kan taga, washegari ta same ni a madafa ta roƙe ni gafara. Na ce mata ba komai. Da gaske ban riƙe ta ba.

Ranar Lahadi bayan sujada Baba ya zo. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya karɓi Mami ya daɗe yana duban fuskarta, sai ya yi dariya, ta farko da na ji tun tafiyarki. Ya ce ƙurajen da na yi ina jaririya sun fi waɗannan. Ya ce lokacin kina hutun haihuwa daga masaƙa, kika hana mai hoto shiga gida ranar suna, kika goya ni zuwa asibiti uku a mako ɗaya, kina kuka kina cewa ke kika jawo mini.

Ba ki taɓa gaya mini ba. Ni na tashi na same ki ke ce duk layinmu ake kira in jariri ya ƙi barci ko cibiya ta ƙi warkewa. Ban taɓa kawowa a raina cewa ke ma kin zauna da jaririya a hannu kin rasa yadda za ki yi ba. Da na sani da na tambaye ki abubuwa da yawa, Mamana.

Yau Mami ta cika mako bakwai. Kumatun sun washe, saura 'yan kaɗan a goshi, babu tabo ko ɗaya. Tana da hancinki. Har yanzu ban yi kuka ba, likita ya ce kar in matsa wa kaina. Amma jiya da safe ina wanke mata fuska ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki, na zauna haka har ruwan ya huce. Ban san sunan abin da na ji ba, na dai ji wani abu. Na ce bari in gaya miki tun kafin in gaya wa kowa.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya riƙe Baba. Ya raya wannan yarinya, ni kuma ya buɗe mini zuciya in so ta yadda kika so ni.

Taki har kullum,
'yarki Rifkatu