Rasuwar Malam Attahir Jibo da Akwatin da Muka Kai wa Inna Dado

Cikin alhini da sunkuyar da kai, Ƙungiyar Ƴan Mata ta Samariyar Garin Gajere, a ƙasar Gangara, tana sanar da jama'ar Damargu baki ɗaya cewa ta sami labarin rasuwar yayanmu, Malam Attahir Jibo, mai duba aiki a biro, wato ofishin ayyukan hanya na Tanut, wanda Allah Ya yi wa cikawa a Damagaram bayan gajeren zazzaɓi, yana kan hanyarsa ta dawowa gida daga Yamai, aka kuma yi masa sutura a can. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa, Inna Dado, da mai ɗakinsa, Malama Sakinatu, da ƴaƴansa, da Mai Girma Mai Gari da dattawan garinmu, da Malam Liman, da shugabanninsa da abokan aikinsa na Tanut. Da ƙafarmu ya kamata mu kai wannan gaisuwa tun ranar farko, kamar yadda kowa ya yi. Har yau babu ɗaya daga cikinmu da ta iya shiga gidan Inna Dado, ga shi kuma sadakar bakwai ta matso. Shi ya sa muka rubuta, don a karanta a kasuwa da bakin masallaci, wanda ya ji ya kai mata.

Marigayi ya fara aikin hanya tun yana saurayi, yana jan sarƙar awo a bayan masu auna ƙasa, har Allah Ya ɗaga shi ya zama mai duba aiki a shantiye, wato filin da ake aikin hanya. Makiyayan arewa sun san shi, domin shi ne ya tsaya tsayin daka har aka bar wa dabbobi wurin tsallaka hanya maimakon a datse musu burtali. Mu kuma ƴan mata mun san shi ta wajen ruwa. Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiyar garinmu da rani ya san yadda igiya take cin tafin hannu. Lokacin da shantiye yake kusa da mu, marigayi ya nemo izini daga manyansa, motar da take yayyafa wa hanya ruwa ta riƙa tsayawa da yamma tana juye mana abin da ya rage a tuluna. Bai taɓa yarda an gode masa a gaban mutane ba.

Bara da kaka gwamnati ta zaɓe shi cikin ma'aikatan da aka tura Yamai sitaj, wato ƙaro ilimin aiki, don su koyi yadda ake riƙe babban aikin hanya daga farko har ƙarshe, a ba su difloma. Kafin ya tafi ya zo dandalin samariya ya yi mana bayani da kansa. Ya ce babbar hanya ba zuba jar ƙasa ba ce kawai. Sai mutum ya san aikin da ke gaba da wanda ke bin sa, da inda za a samo ruwa da tsakuwa, da yadda za a gama gadojin ƙorama kafin ruwan farko ya sauka, da kuma yadda ake ce wa kamfani aikinsa bai yi ba, ya sake. Ya ce idonsa ya daɗe yana ganin mugun aiki, amma in babu wannan difloma, maganarsa ba ta tsayar da ko kamyon ɗaukar ƙasa ɗaya. Shugabarmu Halima ta tsokane shi, ta ce ashe mai gemu ma yana komawa bencin lakwal, to ya yi hankali da bulalar mushe, malamin makaranta. Ya yi dariya, ya ce in an buge shi ita zai aiko wa ta zo ta ba da haƙuri, sannan mu tanadi gammo mai kauri, don akwatinsa zai dawo cike da littattafai. Abokan aikinsa sun tabbatar mana ya ci jarrabawa, an kuma riga an sa shi a kan sabuwar hanyar da za ta bi ta kusa da mu zuwa Balbeji.

Wajibi ne mu faɗi abin da ya faru ranar kasuwa, domin maganar ta bazu, kowa yana ƙara nasa. Tun da daɗewa marigayi ya aiko cewa ranar zai iso. A garinmu, in matafiyi ya dawo daga nesa, ƴan mata ne suke sauke kayansa, su kai wa mahaifiyarsa da waƙa, ita kuma ta fanshi kayan da goro. Mun yi lalle, mun yi kitso, mun kira mai kalangu. Da motar biro ta tsaya a ƙofar Mai Gari, muka kewaye ta. Abokin aikinsa Malam Jibrin da direba suka fito, suka shige zauren Mai Gari ba su dube mu ba. Ba mu ga yayanmu ba, muka ɗauka ya sauka a bayan gari wajen kabarin mahaifinsa, kamar yadda ya saba. Akwatinsa na ƙarfe yana bayan mota da sunansa a jiki. Muka sauke shi.

Mun bi da shi ta tsakiyar kasuwa, kalangu a gaba, guɗa a baya, muna karɓa-karɓa a ka. Ni mai rubuta wannan ni ce na shiga da shi gidan. Inna Dado ta fito da sabon zanenta, ta taka rawa duk da ciwon ƙafarta, ta ɗora hannu a kan akwatin, ta ba mu goro da ƙwaryar dabino. Ta ce, “Ƴaƴan nan, kun kawo kaya, ina mai kayan? Ku je ku ce masa fura tana yin tsami.” Muna cikin rabon dabinon Mai Gari da Malam Liman suka yi sallama. Wasunmu da dabino a baki suka ji salati.

Ƙungiyarmu tana roƙon jama'a da su daina ɗora laifi a kan Malam Jibrin da direba. Abin da ya dace suka yi. Ba a faɗa wa yara da mata labarin mutuwa a kan titi, sai an fara kai wa manya. Mu ne ba mu dubi fuskarsu ba, ba mu tambaya ba, ba mu jira ba. Haka kuma mai kalangu kiransa muka yi, ba shi da laifi. Muna kuma roƙon samari da su daina mayar da abin hira a dandali, domin gidan makoki ba shi da nisa, ana ji.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya gafarta wa Malam Attahir Jibo, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa hidimar da ya yi wa mutane da dabbobi ta zame masa nauyi a mizani, Ya raya abin da ya bari, Ya ba Malama Sakinatu da dangi baki ɗaya juriyar wannan babban rashi, Ya kuma sanyaya zuciyar Inna Dado, wadda muka sa ta yi farin ciki a ranar da bai kamata ba. Amin.

Inna, ga roƙonmu. Dakan gumbar sadaka aikin ƴan matan gari ne, kuma mun ji an ce za a ɗauko mata daga wani ƙauye su yi. Ba mu da bakin cewa kada a yi haka. Amma ranar bakwai da safe za mu zo da taɓarenmu, mu tsaya a bayan danga, ba waƙa, ba kwalliya. In kin yafe mana, ki sa a miƙo turmi waje, mu daka a nan inda ba sai kin ga fuskarmu ba. In ba a miƙo ba, za mu tsaya har a shafa fatiha, sannan mu koma gida.

Sa hannu:
Ruƙayyatu Alhassan
Magatakardar Ƙungiyar Ƴan Mata, Samariyar Garin Gajere
A madadin shugaba Halima da dukan ƴan ƙungiya
Watan Afrilu, 1983