Sunanka Ya Shiga Jeri, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam, da ke kwance a maƙabartar Ma'ala a Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, da roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima, ni ce Hajara, autarka, wadda ka raɗa wa Sarkin Surutu. Da labari na zo. Na san da kana nan da ka ce in taƙaita, to ka yi haƙuri, yau ba zan taƙaita ba.

Tun da aka fara aikin faɗaɗa Harami muka bar gidanmu na Misfala muka koma Utaibiyya. Amma har yau zaurenka nake gani: kai a kan buzu, almajirai a zagaye, kana jan Larabci kana fasa shi da Hausar Katsina wadda zaman Makka bai taɓa lanƙwasa ta ba. Ni kuwa ina bayan labule ina dama fura, ana zaton hankalina na kan ludayi.

Ranar da aka sauke littafi ita ce ranata. Sai ka gyara rawani, ka soma kiran malamanka ɗaya bayan ɗaya, daga can baya, zamanin da kakannin kakanni ma ba su riska ba, har zuwa wanda ya karantar da kai. Kowanne da ɗan labarinsa, kowanne da Fatiharsa. Malam na Marina, wanda yake biya wa almajirai karatu hannunsa baƙi ƙirin da shuni. Malam Dogo, da aka ba shi alƙalanci ya sulale ya bar garin da jakinsa, don tsoron hisabi. Goggo Modibbo, wadda ta riƙe makarantar mijinta bayan ya makance. Da wanda ajali ya tsare a hanyar hajji, aka binne shi a ƙasar Sudan, inda kai ma ka tsaya noman auduga kafin ka ƙaraso. Kullum kana rufewa da cewa, "Ilimi ba a tsintarsa a bola, hannu ke miƙa wa hannu."

Sunanka kaɗai ba ka taɓa sawa ba. Kakan ce mai rai ba ya shiga jeri.

Damuwarka ɗaya ce, kowa a gidan ya san ta: wa zai karɓi sunayen nan? Almajiranka suna samun jirgi sai su koma gida. Yaya Umaru, da ka ɗora wa ido, mota ta ɗauke masa hankali, yana zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka, bakinsa duk "yalla" da "ɗayyib" irin na Larabawa. Ɗa nagari ne wallahi, bai taɓa barinka da yunwa ba, amma in ka zaunar da shi kafin a kai Malam Dogo ya fara gyangyaɗi. Ka ce masa in ya yi sake, tare da mutanen nan za a binne ka. Maganar nan ta soke ni, Baba.

Da ciwo ya kwantar da kai, wata la'asar ka ce a jingina ka, kana so ka kira malaman ko sau ɗaya. Ka kira na farko, ka kira na biyu, sai numfashi ya sarƙe, sunan gaba ya ɓace maka. Na ga idonka ya cika da hawaye. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ɗauka daga inda ka tsaya har na kai ƙarshe, da labaran da komai.

Sai ka yi dariya har da tari. "Ja'ira! Ashe fura kike damawa da hannu, kunne yana zaure." Ka ce in matso, ka dafa kaina ka ce ka ba ni izini. Na ce ai ni mace ce. Ka harare ni, ka ce, "Goggo Modibbo gemu gare ta?"

Daga rasuwarka na daɗe ban iya komai ba. Sai bara matan unguwa suka matsa mini, 'yan Takari irinmu, wato mutanen ƙasarmu mazauna Makka, da wasu da suka zo ta Chadi, wai in koya musu tsarki da salla. Muka fara a tsakar gida, wata da goyo, wata da tsintar shinkafa a faranti. Ina fasa musu Larabci yadda kake yi, har matar Yaya tana min tsiya wai tarinka ma na gada.

Ranar Alhamis da ta wuce muka sauke littafin da muke karantawa. Na dafa shayi, Yaya Umaru ya kawo dabino, ya zauna a bakin ƙofa, kuma ka ji abin mamaki, ko gyangyaɗi bai yi ba. Na kira malaman duka, ban tsallake kowa ba. Na bi su daga can baya zuwa malaminka, inda kake tsayawa, sai na ga ashe saura mutum ɗaya.

Baba, ban taɓa jin mutuwarka ba kamar lokacin. A nan na tsaya. Yaya ne daga bakin ƙofa ya faɗi sunanka, da Hausarsa ta direba, yana share ido da gefen mayafinsa. Mata suka ce labarinsa fa? Na ce shi ne wanda ya tako da ƙafa daga Katsina ɗauke da amanar mutane, ya ƙi sauke ta sai da ya sami hannu. Muka yi maka Fatiha.

Ka ce mai rai ba ya shiga jeri. To ga shi ka shiga, ba ka da bakin hana ni.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da Malam na Marina da Goggo Modibbo da sauransu a inuwa ɗaya. In tawa ta zo, Allah ya sa in tarar da ku ban zubar da ko ɗaya ba.

Taka har abada,
Hajara, Sarkin Surutu.