Ku Kwanta

Yaya Abdurrazak,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna? Ina Rahmatu da yara? Ni lafiya lau nan Turkiyya, sanyi ne kawai, shi ma mun fara sabawa.

Albishirinka. 'Yan ajinmu sun sa ni wasan soja na kwamfuta, mu huɗu. Biyu su tsare abokan gaba da wuta, biyu su ruga gaba, sannan a canza. Ranar gasa aka buɗe muna wuta a fili, yaran suka fara gudu. Turanci ya ɓace mani, na daka masu tsawa da Hausa: "Ku kwanta." Suka ga sojana ya zube, suka bi, muka ja ciki har bayan bango, muka cinye wasan. Yanzu ni ne shugaba, Turkawa sai "kwanta, kwanta" suke. Asabar za ni kai su zagaye na biyu, a sa mu addu'a.

Sun tambayi wanda ya horar da ni, na ce yayana. Ban ba su labarin Gatawa ba, ranar da 'yan bindiga suka buɗe muna wuta a gonar nesa, ka danne kaina tsakanin kunyoyin gero. A nan wanda aka harbe tashi yake a sake wasa.

Don Allah bana ka bar gonar nesa.

Ƙanenka,
Sagiru