Yaya Sani, rumbunka ya buɗu

Assalamu alaikum, Yaya. Gaisuwa daga ƙanwarka zuwa inda kake kwance. Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi.

Kwamfutar shagon hotonka ta mutu bayan arba'in ɗinka. Na kunna, ta yi ƙara, ta ɗauke. Na zauna ƙasa na yi ta kuka, saboda Nafisa. 'Yarka ta fara tambaya yaya fuskar Babanta take, wayarka da katinka na shaida kuwa sun tafi tare da kai a hatsarin hanyar Dumega.

Ka tuna baƙin akwatin nan mai ƙyafta fitila da ka ajiye ƙarƙashin tebur? Kullum sai na yi maka tsiya yana shan wuta a banza. Kai kuma ka ce, “Ke bar mini rumbuna. Duk abin da ac cikin kwamhuta, shi ma yana da shi.”

Abokinka Iliya ya zo bayan ya taso daga coci. Ya sa wa kwamfutar sabon faifai, ya haɗa ta da akwatin ta waya, ya zaɓi kwafin da ka ajiye na ƙarshe. Wuni guda layin da ke nuna ci gaban kwafin yana rarrafe. Aka ɗauke wuta, muka sake daga farko.

Komi ya dawo, Yaya, har hoton dutsen garinmu da ka sa a fuskar kwamfutar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya: amaren Ɗan Kassari, Fulani da shanunsu, 'yan lakwal, ɗalibai masu neman hoton jarrabawa. Rabin Arewa na cikin rumbun nan, kai ne kawai babu. Ka ɗauki kowa, ba ka taɓa miƙa wa wani kyamara ka tsaya ba. Wallahi na ji haushinka.

Sai bidiyon sunan Nafisa. Ba ka ciki, amma daga bayan kyamara muryarka ta fito: “Inna, ɗaga kanki mana! Suna muka zo, ba makoki ba.”

Na ce wa Nafisa wannan Babanki ne. Ta leƙa bayan kwamfutar tana nemanka.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya nuna mata fuskarka a Aljanna.

Ƙanwarka mai kewarka,
Rabi